JIGO, BARO DA WUTAR LANTARKI: Yi Lissafi Kafin Ka Ɗora Nauyi

Malam manomi, kowane kayan aiki yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, daga sandar jigo har wayar lantarki. In ka san lissafinsa, za ka huta da ciwon baya, ka kuma tsare gidanka daga gobara. Lissafin ba shi da wuya. Ga shi.

1. JIGO

Dubi jigon da ake ban ruwa da shi a fadama. Sanda ce doguwa, an ɗora ta bisa gwafa. Guga yana gefe ɗaya, curin laka yana ɗaya gefen. Ƙa'idarsa ita ce: nauyi sau nisansa daga gwafa.

Ruwa lita 1 nauyinsa kilo 1 ne. Watau guga mai cin lita 10 kilo 10 ke nan. In daga gwafa zuwa guga mita 3 ne, sai ka ce 10 sau 3, ya ba ka 30. In kuwa curin yana mita 1 daga gwafa, to, curi mai kilo 30 ne zai tare gugan a cike, ban da nauyin sandar kanta.

Jigo ba ya ƙago ƙarfi. Kai ne ke ɗaga curin sa'ad da kake jan guga ƙasa, amma da nauyin jikinka kake ja, ba da bayanka ba. Sa'an nan curin ya sauka, ya hauro maka da ruwa. In guga yana yi maka nauyi wajen hawa, ƙara laka, ko ka matsar da curin nesa da gwafa. In yana fizgar hannunka sama, rage.

2. BARO

Baro ma haka yake, sai dai taya ce gwafarsa. A ce daga taya zuwa inda kake riƙewa santimita 150 ne. Ka ɗora buhun takin zamani mai kilo 50. In buhun yana santimita 50 daga taya, hannunka zai ji kamar kilo 17 kawai. In ka ja shi baya zuwa santimita 100, nauyin ya zama kilo 33. Buhu ɗaya, wahala ninki biyu! Saboda haka kullum tura kaya mai nauyi gaba, kusa da taya.

3. WUTAR LANTARKI

Yanzu manoma da yawa suna da injin ban ruwa mai aiki da lantarki, ko janareta, ko ƙwan wuta a ɗakin 'yan tsaki. Wuta ma tana da nata nauyi. Kwatanta ta da ruwa cikin tiyo:

Bolt shi ne ƙarfin turi. Wutar gida a Nijeriya da Nijar bolt 220 ne zuwa 230.
Amfiya ita ce yawan wutar da ke bi ta waya.
Wat shi ne abin da na'ura ke ci. Bolt sau amfiya shi ke ba ka wat.

Fulogi mai ƙafa uku da aka saba gani yana da fiyus mai amfiya 13. To, 13 sau 230 kusan wat 3,000 ke nan. Nan ne iyakarsa. A ce ka haɗa injin ruwa mai ƙarfin doki ɗaya, watau wajen wat 750, da dutsen guga mai wat 1,000, da hita mai wat 2,000, duk a kan fulogi ɗaya. Jimla 3,750. Ka wuce iyaka. Ka kuma sani inji yakan ja wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi. Duba jikin kowace na'ura, akwai wat ɗinta a rubuce.

In an matsa wa siririyar waya wuta mai yawa, sai ta yi zafi, robarta ta narke. Kusa da rufin ciyawa ko rumbu, ka san sauran. Aikin fiyus shi ne ya tsinke kafin a kai ga haka. In ya tsinke, nemi dalili, ka sa sabo mai lamba ɗaya da shi. Kada ka ɗaura waya ko ƙusa a madadinsa.

Wayoyin fulogi uku ne. Mai ruwan ƙasa, ko ja a tsohon haɗi, ita ke ɗauke da wuta. Shuɗiya, ko baƙa, ita ke mai da ita. Mai kore da rawaya ita ce wayar ƙasa: in wuta ta taɓa jikin inji, ita ke kwashe ta zuwa ƙasa maimakon ta bi ta jikinka. Kada a yanke ta don rowar waya.

4. KA TUNA

(a) Jiƙaƙƙen jiki yana ba wuta hanya. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya tsai da zuciyar mutum. Kada ka taɓa inji ko soket da hannu a jiƙe, ko kana tsaye cikin ruwa.
(b) Kada ka bar mahaɗar waya kwance a kwami. Ɗaga ta bisa itace, inda yara da dabbobi ba za su kai ba.
(c) Kada a kunna janareta cikin ɗaki ko zaure. Gubar hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.
(d) In wuta ta kama wani, kada ka cafke shi. Kashe wutar tukuna. In ba hali, ture wayar da busasshiyar sanda, kana tsaye a busasshen wuri, sa'an nan a kai shi asibiti maza-maza.
(e) Gobarar lantarki ba a zuba mata ruwa. Kashe wutar, ka watsa yashi.

Haɗin wuta kuwa, bar wa wanda ya koya. Rigakafi ya fi magani. In kana neman ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.