Diyyar Hanyar Bututun Mai: Abin da Doka Ke Biya, da Inda Aikin Dillali Ya Tsaya

IBADAN — Tun da aka kafa unguwar Sabo a birnin Ibadan cikin 1916, fatauci da goro da shanu shi ne ginshiƙin arzikin Hausawan da ke zaune a can. Daga baya jama'a ta yaɗu zuwa Ojoo da Sasa, inda manyan motocin da ke saukowa daga Arewa suke yada zango, kuma da yawa daga cikin 'yan kasuwar sun shiga sayen gonaki da filaye a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Akinyele, musamman bayan da aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Moniya cikin 2021, abin da ya sa farashin fili ya tashi a yankin. To amma akwai wani al'amari da mai saye bai cika tambaya a kansa ba sai bayan kuɗi sun fita daga hannunsa, wato hanyar bututun mai.

Jihar Oyo tana kan layin da kamfanin NNPC ke kira System 2B, wanda ya taso daga Atlas Cove a Legas, ya bi ta Mosimi, ya shigo depo na Apata a Ibadan, sannan ya nufi Ilorin. Bututun yana binne ne a ƙarƙashin ƙasa, kuma inda alamomin da aka kakkafa suka ɓace ko ciyawa ta rufe su, baƙo ba zai gane ba.

Abu na farko da ya kamata ɗan kasuwa ya fahimta shi ne, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi kuwa izinin zama ne da amfani. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon janye wannan izini saboda maslahar jama'a, kuma ya ambaci shimfiɗa bututun mai a cikin dalilan. Sashe na 29 kuma ya nuna cewa ainihin abin da ake biyan diyya a kansa shi ne abin da mutum ya ɗora a kan ƙasar: gini bisa abin da zai ci a sake yin irinsa bayan an cire tsufa, amfanin gona bisa farashin da jami'in gwamnati ya ƙayyade, ita ƙasar kanta kuwa sai kuɗin hayar da aka biya a shekarar da aka janye izinin, idan an biya. Ke nan wanda ya zuba miliyoyin naira a fili, ya bar shi fayau yana jiran farashi ya hau, shi ne wanda ya fi kowa fita da hannu wofi.

Dokar Bututun Mai ta 1956 ta ɗan fi sassauci. Ta ba mai lasisi ikon shiga zirin ƙasa da faɗinsa bai wuce ƙafa 200 ba, na tsawon lokacin da bai wuce shekara 20 ba, amma ta wajabta masa biyan diyya, kuma idan ba a daidaita ba, kotu ce za ta yanke. Abubuwan da kotu za ta duba sun haɗa da ɓarnar gine-gine da shuke-shuke da itatuwa masu amfani, da takurar da aka jawo wa mai wuri, da kuma raguwar darajar ƙasar da ta rage masa. Wannan na ƙarshe shi ne wanda manoma suka fi yin asararsa, domin ba su san suna da haƙƙin nemansa ba. Tun bayan Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021, hukumar NMDPRA ce ke kula da lasisin irin waɗannan bututu.

A ɗauki misali. Idan aka yanki ziri mai faɗin mita 30 a gonar da tsawonta ya kai mita 200, an ɗauke murabba'in mita 6,000, wato kusan fuloti 13 masu ƙafa 50 da 100. Idan rogo ne kawai a wurin, kuɗin rogo za a lissafa. Idan kuwa akwai koko ko goro ko kwakwar manja ko kashu, to kowace bishiya ana ƙirga ta, kuma wadda ta fara 'ya'ya ta fi ƙarama kuɗi nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari, zirin ya raba gonar gida biyu, ba za a yi gini ko a dasa itace a kansa ba, kuma mai saye na gaba zai rage tayi. Wannan raguwa asara ce ta gaske, sai dai ba ta shiga takarda sai an sa wanda ya iya lissafinta.

A nan ne ake rikita mutum biyu da aikinsu ya bambanta. Dillali shi ne mai haɗa mai saye da mai sayarwa, ya karɓi la'ada idan ciniki ya faɗa. Saninsa na gari yana da amfani ƙwarai: ya san wane gida ne ke da wace gona, ya san Baale na ƙauye, ya san Mogaji, wato shugaban zuriya a tsarin Ibadan, kalmar da ake dangantawa da "magaji" na Hausa. Sai dai la'adarsa tana rataye ne da faɗuwar ciniki, saboda haka ba shi ne mutumin da ya fi dacewa a tambaya ko fili yana da aibi ba. Ba zargi ba ne, yanayin sana'ar ke nan.

Na biyun shi ne ƙwararren mai ƙiyasta darajar kadara, wanda ke da rajista da hukumar ESVARBON da aka kafa da Doka ta 24 ta 1975, kuma galibi ɗan ƙungiyar NIESV ne, wadda ta samo asali tun 1969. Rahotonsa mai ɗauke da hatimi ne kamfani da kotu suke saurara. Kamfanin da ke shimfiɗa bututu yana zuwa da nasa mai ƙiyasi, don haka mai gonar da ya tura dillali ya tsaya masa a ranar ƙidaya ya shiga kokawa da hannu ɗaya.

Ranar ƙidayar nan ita ce komai. A ranar ake rubuta sunan mai wuri, a ƙirga abin da ke ciki, a ɗauki hoto, kuma gyara abin da aka rubuta daga baya yana da wuya. Ɗan kasuwar da ke Ojoo yana fama da rumfarsa, ya bar gona a hannun mai noma ta haya, yana iya wayar gari ya tarar sunan mai hayar ne a takarda, ko kuwa sunan zuriyar da ta sayar masa. Doka ma ta yarda, idan ƙasar ta al'umma ce, gwamna ya ba da umurnin a biya al'ummar, ko shugabanta, ko a zuba a wani asusu domin amfaninta. Wanda ba shi da shaidar cewa an fitar da rabonsa daga ƙasar zuriya, sai ya bi layi.

Shi ya sa takardun saye suke da nauyi tun ran gini, tun ran zane. Kotunan Nijeriya sun daɗe da tabbatar da cewa sayar da ƙasar zuriya ba tare da shugabanta ba ɓatacce ne, idan kuwa shugaban ne ya sayar ba da yardar manyan gidan ba, ana iya rushe cinikin. Haka nan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo cikin 1989, Kotun Ƙoli ta jaddada wajibcin amincewar gwamna. Rasit ɗin da dillali ya sa hannu a kai ba ya maye gurbin waɗannan. Ana bukatar safiyo mai rajista ya auna filin, a kai taswirar ofishin Babban Safiyo na jiha a binciki ko ta hau kan hanyar bututu, sannan lauya ya rubuta yarjejeniya.

Sai batun takardar wakilci. An saba masu neman diyya su ba wakili ikon tsaya musu, shi kuma ya ɗauki wani kaso idan an biya. Ya kyautu a rubuta kason ƙarara, a bayyana ko daga jimlar kuɗin za a cire ko bayan an fitar da ɗawainiya, a kuma tanadi cewa kuɗin za su shiga asusun mai gonar ne kai tsaye. Wannan ya shafi har 'yan kasuwar Ibadan da ke da gonakin gado a gida, domin bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa cikin Yunin 2020, ya ratsa ƙauyuka da dama na Arewa.

Filin da ke kan tsohuwar hanyar bututu kuwa, komai arahar da dillali ya kawo, babu diyya ga wanda ya yi gini a kansa, sai rusau. A Ijegun ta Legas, cikin Mayun 2008, motar gyaran hanya ce ta fasa bututu a tsakiyar unguwar da gidaje da makaranta suka matso kusa da shi, wuta ta tashi, aka yi asarar rayuka masu yawa.