YADDA HARSHEN INGILISHI YAKE SAUYAWA DA ZAMANI

Ingilishi shi ne harshen da ake gudanar da yawancin ayyukan gwamnati da na kotuna da na makarantu a Nijeriya. Da shi ɗalibi yake rubuta jarrabawa, da shi mai neman aiki yake rubuta takardarsa. Saboda haka ya kamata jama'a su san cewa wannan harshe bai tsaya wuri guda ba. Sau da yawa akan ji malami ya ce abu kaza kuskure ne, sa'an nan a ga abin nan a cikin jarida ko sabon ƙamus. Wanda ya san tarihin harshen ba zai ruɗe ba, domin zai iya rarrabe canjin da ya zauna da kuskuren da ya kamata a gyara.

Asalin Harshen

Wajen shekara ta 450 wasu ƙabilu daga arewacin Jamus da maƙwabtanta suka ƙetara teku suka zauna a tsibirin Birtaniya. Harshensu shi ne tushen Ingilishi, amma Baturen yau ba zai iya karanta shi ba sai ya koya kamar baƙon harshe. A shekarar 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a har tsawon ƙarni biyu ko fiye. Ta nan kalmomi irin su "court" da "judge" da "government" suka shiga. Shi ya sa ake kiran saniya "cow" amma namanta "beef", ake kiran tunkiya "sheep" amma namanta "mutton": sunan dabbar na asali ne, sunan naman kuwa aro ne daga Faransanci. Haka Hausa ta aro littafi da alƙali daga Larabci, ta aro mota da tebur daga Ingilishi.

Dalilin Wuyar Rubutu

Ɗalibai sukan yi kuka da cewa Ingilishi ba a rubuta shi yadda ake faɗinsa. Ga dalilin. A shekarar 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, daga nan rubutun kalmomi ya fara zama iri ɗaya. Amma a daidai wannan zamani, daga wajen 1400 zuwa 1700, lafazin wasula yana ta sauyawa a bakin mutane. Rubutu ya tsaya, baki ya ci gaba. Harafin "k" da ke farkon "knife" da "knee" a da ana furta shi, haka ma "gh" da ke cikin "night". An daina furtawa, ba a daina rubutawa ba.

Wasu haruffan kuma masana ne suka cusa su. Kalmar bashi a da "dette" ake rubuta ta, sai aka ƙara mata "b" ta zama "debt" don a nuna asalinta na Latin, ko da yake ba wanda yake furta harafin.

A shekarar 1755 Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a Landan, wanda ya ƙara daidaita rubutun Ingila. A shekarar 1828 kuma Noah Webster ya fitar da nasa a Amurka, ya tabbatar da "color" da "center" a inda Ingila take rubuta "colour" da "centre". Dukansu biyu daidai ne a ƙasashensu. Nijeriya ta gaji tsarin Ingila, shi aka saba da shi a makarantu da ofisoshi. Abin da ba shi da kyau shi ne a gauraya su a takarda ɗaya.

Canjin Nahawu

Bahaushe yana da kai da ke da ku. Ingilishi ma a da yana da "thou" na mutum ɗaya, da "you" na jama'a ko na girmamawa, kamar yadda mukan ce wa babba ku. Sannu a hankali "you" ta mamaye ko'ina, "thou" ta saura a tsofaffin littattafai da addu'o'i. Haka nan "goeth" ta koma "goes". Jam'in "children" da "oxen" kuwa raguwar tsohuwar ƙa'ida ce wadda harafin "s" ya ture.

A zamanin marubuci Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ana maimaita korewa sau biyu ko uku a jimla ɗaya don ƙarfafa magana, ba a ganin laifi. Amma a 1762 Robert Lowth ya rubuta a littafinsa na nahawu cewa korewa biyu suna soke juna, makarantu suka bi shi. Watau wasu ƙa'idojin da ake koyarwa yau mutane ne suka kafa su a lokaci sananne.

Ma'ana ma takan sauya. "Nice" a da tana nufin wawa, "meat" tana nufin kowane irin abinci, "girl" kuwa yaro ƙarami, mace ko namiji. Har a farkon ƙarni na 20 ana rubuta "to-day" da karan ɗori, yanzu an haɗe ta.

Hannun Nijeriya a Ciki

Mu ma muna da rabo a wannan canji. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya sanar da shigar da kalmomi da maganganu 29 na Ingilishin Nijeriya, cikinsu har da "okada" da "danfo" da "Kannywood". Wannan shaida ce cewa masu ƙamus ba su ƙirƙirar harshe. Suna rubuta abin da jama'a suka daɗe suna amfani da shi ne.

Gargaɗi ga Mai Karatu

Kada wani ya ɗauka cewa tun da harshe yana sauyawa, kowa zai rubuta yadda ya ga dama. Canji yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin marubuta da makarantu su amince da shi. Mai duba jarrabawa da mai ɗaukar ma'aikata suna auna mutum da ƙa'idar da take aiki yau. Don haka a kiyaye waɗannan:

1. A nemi ƙamus bugun kwanan nan, domin tsohon bugu ba ya ɗauke da sababbin kalmomi.

2. A zaɓi tsarin rubutu ɗaya a tsaya a kansa. Mai aiki da kwamfuta ya duba ko an saita ta a kan rubutun Ingila ko na Amurka.

3. A bambanta harshen hira da na takardar ofis. Gajerce-gajercen saƙon waya ba su da wuri a wasiƙar neman aiki.

4. Malamai su binciki abu kafin su ce kuskure ne, kada su hana yara abin da ƙamus ya riga ya karɓa.

Tambayoyi

1. Me ya faru a 1066, kuma wane tasiri ya yi a kan Ingilishi?

2. Don me ake rubuta "k" a cikin "knife"?

3. Kawo kalmomi biyar da Hausa ta aro daga Ingilishi, ka nuna yadda lafazinsu ya sauya a bakin Hausawa.