Yadda ake tantance tsohon kuɗin azurfa kafin a saya

Daga Bebeji zuwa Kiru, Tudun Wada har rugagen Doguwa, akwai gidajen da ke ajiye da tsofaffin kuɗi a ƙullin tsumma, ko a jikin sarƙar da aka gada daga kaka. Idan rani ya tsananta ko biki ya matso, sai a fito da su a kai kasuwa irin ta Kwanar Dangora. A nan mai saye ke ƙonewa, ko ya cuci mai kaya.

Ka fara da sanin abin da ke tafin hannunka. Babban kuɗin nan mai hoton mace, wanda matan Fulani ke ratayawa, shi ne liyari, kuɗin Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya. Za ka ga 1780 a jikinsa, amma kada shekarar ta ruɗe ka. A shekarar ta rasu, kuma duk wanda aka buga bayanta, a Biyana ko Landan ko Bombay, wannan shekarar aka ci gaba da sa masa. Mai cewa liyarinsa ya haura shekara 200 saboda lambar kawai bai kawo hujja ba.

Sule da fataka masu bishiyar kwakwar manja kuwa, shekararsu ce ke magana. Na 1913 zuwa 1919 azurfa ne mai kyau, kashi 925 cikin 1000. Daga 1920 Turawa suka rage ta, sannan suka koma farin ƙarfe da tagulla. Sulen 1959 mai hoton Sarauniya Elizabeth babu ɗigon azurfa a cikinsa, komai ƙyallinsa.

Sai mayen ƙarfe: in ya kama, mayar wa mai shi. In bai kama ba, da saura, domin dalma da kuza ma ba ya kama su. Ɗora kuɗin a ƙaramin sikelin masu zinariya. Cikakken liyari giram 28 ne, sule giram 5.6 da ɗoriya. Shekaru kan ci kaɗan, amma giɓin giram 2 ko 3 a liyari abin tuhuma ne. Ka ɗora shi a kan ɗan yatsa ka ƙwanƙwasa gefensa. Azurfa tana da amo siriri mai jan lokaci, na zubi kuwa ƙararsa a mace take. Duba baki kuma: liyarin gaske yana da rubutu a kewayen kaurinsa, na jabu yakan nuna layin haɗi da ƙananan ramuka.

Daga nan ake maganar lafiyarsa. Ana ganin gashin sarauniyar da duwatsun adon kafaɗarta, ko sun shafe? An huda shi, ko maƙerin fari ya liƙa masa kunne? Irin wannan ya fita daga hannun masu tara kayan tarihi, sai dai a saye shi da nauyi. Kuma don Allah kada a goge shi da toka ko tsamiya, baƙin da ya yi shaida ce.

Farashi daga nauyi yake tashi. Liyari yana ɗauke da tsantsar azurfa kusan giram 23, wato kashi uku cikin huɗu na oza. Duba farashin oza na ranar a waya, ka juya shi zuwa naira, ka cire ribarka a gaban mai kaya, yana ji yana gani. In kuɗin ya yi kyau ƙwarai, a kai shi Kasuwar Kurmi wani idon ya sake gani kafin a yanke.