Gyaran Dokar Zaɓe: Don Me Aka Bar Ƙaramar Hukuma A Baya?

Abin da nake so mu duba a wannan shafi shi ne dokar da ake bi wajen zaɓen wakilanmu na majalisa da na ƙananan hukumomi. Wani zai ce wannan magana ta manya ce. To, amma da yawa daga cikinmu 'yan ajin ƙarshe mun kusa cika shekara 18, wadda ita ce shekarar fara jefa ƙuri'a, saboda haka ya kamata mu san inda ƙuri'ar take tafiya.

Mu nan Lambara mazaɓa ce a cikin Ƙaramar Hukumar Shagari, kansila guda muke fitarwa. A Majalisar Wakilai ta Abuja an haɗa mu da Yabo, su kuwa maƙwabtanmu na Bodinga an haɗa su da Dange Shuni da Tureta. A Majalisar Dattijai duk muna cikin Sakkwato ta Kudu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba hukuma ɗaya ke shirya mana waɗannan zaɓuɓɓuka ba. Zaɓen sanata da ɗan Majalisar Wakilai da gwamna da ɗan Majalisar Jiha, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, wato INEC, ita ke yinsa. Zaɓen ciyaman da kansila kuwa Tsarin Mulki na 1999 ya danƙa shi ga Hukumar Zaɓe ta Jiha, wadda gwamna ke naɗa mutanenta, Majalisar Jiha ta amince. Cikin ƙananan hukumomi 774 da ke Nijeriya, shida na Abuja ne kaɗai INEC ke yi wa zaɓe.

Zaɓen majalisa ya sha gyara. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya ce zaɓen 2007 da ya kawo shi mulki yana da naƙasu, ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahotonsa a 2008. A 2015 aka fara aiki da na'urar karanta katin zaɓe. A 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai da ta Jiha daga 30 zuwa 25. Sa'an nan Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba da dama aka yi aiki da na'urar BVAS a zaɓen 2023, wadda ke duba yatsa ko fuskar mai zaɓe kafin a ba shi takarda. Ba na cewa an gama gyara. A zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2023 sakamakon rumfuna bai hau intanet a kan lokaci ba, aka yi ta ƙorafi. A nan Sakkwato ma sai da aka koma aka ƙarasa zaɓen majalisa a watan Afrilu. Duk da haka da aka gama, sai ga sanatocin jihar uku sun rabu: biyu na APC, ɗaya na PDP. Wannan ya yi kama da yadda mutanen jihar suke, don kowa ya san mun rabu a siyasa.

In ana son shaidar rabuwar nan, a tuna zaɓen gwamna na 2019. Aminu Waziri Tambuwal ya kayar da Ahmad Aliyu da ƙuri'a 342 kacal, cikin ƙuri'u sama da miliyan ɗaya. Ɗari uku da arba'in da biyu! Ko 'yan makarantarmu aka tara sun fi haka.

To, yanzu mu dubi zaɓen ƙananan hukumomi a wannan jiha guda. A watan Maris na 2021, lokacin PDP ke da gwamna, PDP ta cinye ciyamomi 23 duka da kansiloli 244, APC kuwa ta ƙaurace wa zaɓen. A watan Satumba na 2024, bayan mulki ya koma hannun APC, sai APC ta cinye 23 ɗin duka, PDP ita ma ta ƙaurace. Mutanen su ne dai, rumfunan su ne dai, abin da ya sake kawai shi ne mai zama a Gidan Gwamnati. Ban ɗora wa wata jam'iyya laifi ita kaɗai ba, don kowacce ta sha a lokacinta, kuma haka ake yi a yawancin jihohin ƙasar nan, kudu da arewa. A ganina laifin na doka ne. Wanda ke da doki a cikin sukuwa, shi ne kuma ya zaɓi alƙalin sukuwar, wa zai ɓata kuɗinsa ya kawo nasa dokin?

Wannan ciwo tsoho ne. A 1976 gwamnatin soja ta yi babban gyara, ta soke tsarin En'e, ta kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, kuma a zaɓen shekarar ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Amma da farar hula suka karɓa a 1979, zamanin mulkin Marigayi Alhaji Shehu Shagari, yawancin gwamnoni ba su yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, sai suka riƙa naɗa 'yan riƙo. Wannan ɗabi'a ta naɗa kantomomi ta dawo bayan 1999. Sai ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisar ƙaramar hukuma ya sa kantoma, ta kuma ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hukunci ne mai kyau, amma bai taɓa maganar wanda ke shirya zaɓen ba.

Iyayenmu, ku kuka fi mu sanin abin da ke hannun ƙaramar hukuma: kasuwa, da tasha, da ƙananan hanyoyi, da hannu a cikin makarantar firamare da ɗakin shan magani. Sanata yana Abuja, ba kullum ake ganinsa ba. Kansila kuwa sahu ɗaya ake bi da shi a masallaci. Idan ƙuri'ar mutanen Lambara ce ta kawo shi, dole ya ji kunyarsu in rijiya ta ƙafe. Idan kuwa daga birni aka aiko da sunansa, to, birni zai riƙa kallo.

Me za a yi ke nan? Kwamitin Uwais ya ba da shawarar a shigar da hukumomin zaɓe na jihohi cikin INEC. Ba baƙon abu ba ne, don INEC ce ta yi zaɓen ƙananan hukumomi na Disamban 1998 a duk ƙasa. Masu adawa da wannan suna cewa tarayya muke yi, bai kamata a kwashe kome a kai Abuja ba, kuma shi ma shugaban INEC ai shugaban ƙasa ke naɗa shi. Maganarsu ba ta banza ba ce. Wasu na ganin a bar hukumar jiha, amma a cire hannun gwamna daga naɗin, a ware mata kuɗinta, a tilasta mata aiki da na'ura. Jihar Kaduna ta gwada zaɓe da na'ura a 2018, kuma 'yan adawa sun ci wasu kujeru. Ni dai na fi karkata ga INEC, don na ga zaɓen da ta yi mana yana iya kayar da mai mulki.

Sai dai kowace hanya aka bi, sai an gyara Tsarin Mulki, don a cikinsa aka kafa hukumar jiha. Gyaran kuwa yana bukatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattijai da na Majalisar Wakilai, sa'an nan Majalisun Jihohi 24 cikin 36 su amince. Nan ne gizo ke saƙa, don Majalisun Jihohi ba kasafai suke saɓa wa gwamnoninsu ba. Ɗan majalisar da ke wakiltar Shagari a Sakkwato yana da ƙuri'a guda a wannan magana, kuma shi INEC ke shirya zaɓensa. In masu neman wannan kujera suka zo Lambara yawon neman ƙuri'a, ni tambayar da zan yi wa kowannensu ita ce: in maganar hukumar zaɓe ta jiha ta zo gaban majalisa, ina za ka ɗaga hannunka?