Kada Ka Taɓa Python Ɗin Da Ubuntu Ta Zo Da Shi

Idan kana aiki da Ubuntu, wata rana darasi zai nemi sabon samfurin Python, kai kuwa naka tsoho ne. Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya sauke sabon, ya karkatar da /usr/bin/python3 zuwa gare shi. To, dakata tukuna.

Python tafinta ne, yana karanta abin da ka rubuta ya sa kwamfuta ta aikata. Shiri yakan faɗi tafintan da yake so a layinsa na farko, kamar haka: #!/usr/bin/python3. Wannan adireshi manuni ne kawai. A Ubuntu 22.04 yana nuna Python 3.10, a 24.04 kuma 3.12. Ba kai kaɗai ke bin sa ba. Kayan aikin Ubuntu da yawa da Python aka rubuta su, irin su add-apt-repository da manhajar sabunta na'ura. Suna dogara da apt_pkg, wanda aka gina don samfuri ɗaya tak. Da ka canja manunin, sai su fara kukan ba su ga apt_pkg ba, wani lokaci ma tagar umarni ta ƙi buɗewa. Ka ƙaddara haka ta same ka ana saura kwana biyu ka kāre furojet!

Manyan ma sun ɗanɗana. Python 3 ya fito a 2008, bai jitu da Python 2 ba. Ko print "sannu" ka rubuta sai ya ƙi. A 2010 Arch Linux ta mayar da sunan python kan Python 3, tsoffin shirye-shirye suka riƙa faɗuwa. Wannan ya sa a 2011 aka rubuta takardar PEP 394, wadda ta ba da shawarar a samar da python2 da python3, kowa ya kira wanda yake nufi. Da aka daina kula da Python 2 ranar 1 ga Janairu, 2020, Ubuntu 20.04 da Debian 11 ba su ɗora sabo a kan tsohon suna ba, sai suka bar python babu komai. Mai so ya sa python-is-python3 da hannunsa. Dalili? Gara shiri ya ce bai ga tafinta ba, da ya faɗa hannun wanda ba ya jin yarensa.

To, me za ka yi?

1. Girka sabon a gefen tsohon, ka kira shi da cikakken sunansa, misali python3.12. In da kanka kake gina shi, yi amfani da make altinstall.
2. Ba kowane aiki ɗakinsa: python3.12 -m venv aiki, sannan source aiki/bin/activate. A ciki, sa abin da ka ga dama.
3. Fara naka shirye-shiryen da #!/usr/bin/env python3, don su bi tafintan ɗakin da kake ciki.
4. Rabu da sudo pip. Tun daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, pip ma kansa yakan ƙi taɓa Python na na'ura.

Idan kuwa aikin gama ya gama, ba sai ka goge na'ura ba. Danna Ctrl+Alt+F3, ka shiga da sunanka, a 22.04 ka rubuta sudo ln -sf python3.10 /usr/bin/python3, manunin zai koma mazauninsa. Idan da update-alternatives ka yi canjin, da shi za ka mayar.