Romon Kifi da Ruwan Randa a Lokacin Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, zafin rana a Mabai da sauran garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yakan kai 40 a ma'auni. Daidai lokacin ne kuma manomi yake sharar gona da kai taki, mata da yara suna jigilar ruwa daga rijiya ko burtsatse. Ya kamata jama'a su sani cewa kusan kashi 60 cikin 100 na jikin babban mutum ruwa ne, kuma mai aiki cikin rana yana iya zubar da zufa lita guda cikin sa'a ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin farin zane a bayan rigar mai faskare ya san zufa ba ruwa kaɗai ba ce, har da gishirin jiki take fita. Saboda haka mayar da abin da rana ta ƙwace ba aikin randa ba ne ita kaɗai, tukunya ma tana da nata rabon, kuma a ganinmu babu abin da ya dace da tukunyar bazara kamar kifi, in dai an san yadda za a dafa shi.

Dalili kuwa shi ne, wajen kashi uku cikin huɗu na naman ɗanyen kifi ruwa ne, saura kuma abinci ne mai gina jiki wanda ciki ba ya wahala wajen narkar da shi. Tarwaɗa ko karfasa ba ta buƙatar fiye da minti 20 a wuta, alhali naman sa yakan tsare uwargida gaban murhu sa'a guda ko fiye, tana shan hayaƙi, itace yana ƙarewa. Sai dai mukan ɓata wannan alheri da hannunmu. A tsoma kifi cikin mai har ya yi ƙarau, a barbaɗa masa yaji da gishiri da dunƙule uku, sa'annan a ce kifi yana sa ƙishirwa. Laifin ba na kifi ba ne. Suya ta kore ruwan da ke jikinsa, gishiri kuma yana neman a biya shi da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen miya rabinsa ko kusa da haka gishiri ne. Da an yi farfesu da albasa da tumatir da citta da ɗan attaruhu da daddawa, ko an saka kifin a miyar kuɓewa, ko a faten tsaki da alayyafo da yakuwa, da mai ci ya sami abinci da ruwa da gishiri gwargwado a kwano ɗaya.

Wani zai ce, ina talaka ya ga kuɗin kifi? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, musamman a ƙasar da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa. Amma suya ce mai cin kifi da yawa, don kowa sai an ba shi yanka. Kifi guda a romo yana isar gida, ƙananan busassun kifi kuwa idan aka daka su da ƙayarsu aka zuba a miyar kuka, yara sun sami abin ƙarfafa ƙashi da kuɗi kaɗan. Ba kuma a rasa kifi a jiharmu, ga dam ɗin Mairuwa ta wajen Funtua, ga na Zobe kusa da Dutsin-ma, ga masu kiwon tarwaɗa, ga banda da fatake suke kawowa daga Tafkin Chadi. Camfin nan na cewa haɗa kifi da nono yana kawo cutar fata, likitoci ba su sami hujjarsa ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na saurin lalacewa, kuma a nan ba mu da gardama, sai dai gargaɗi. Ɗanyen kifi ba ya jiran kowa a bazara. A duba idonsa ya zama garau, ƙarƙashin kunnensa ja, namansa kuma in an danna ya dawo. Kifin ƙanƙara da ya narke a faranti tun safe, ƙuda na binsa, ba abin saye ba ne da la'asar ko da an karya kuɗinsa. Banda kuma a sansana ta, domin akwai marasa tsoron Allah da suke yayyafa mata fiya-fiya don kashe ƙwari. Wadda ba ta da wari ma a jiƙa ta da ruwan zafi, a wanke sosai kafin ta shiga tukunya.

Romo dai ba ya ɗauke wa mutum shan ruwa. Kada a jira sai ƙishirwa ta kama, don takan makara, balle ga tsofaffi. Fitsari shi ne ma'aunin da kowa yake da shi kyauta: in ya yi kaɗan kuma ya yi ja kamar shayi, jiki yana bin bashin ruwa. Lemon kwalba mai tarin suga daɗin baki ne kawai. Ruwan randa mai murfi da moɗa mai tsabta, da zoɓo ko tsamiya maras zaƙi sosai, da farau-farau da kankana da gurji sun fi shi nesa. Mai azumi, kamar yadda watan ya faɗo cikin zafi a 2024 da 2025, ya rarraba shan ruwansa tun daga buɗa-baki har sahur, kada ya ɗura shi lokaci guda. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 ba a ba shi ruwa, nonon uwa ya ishe shi, uwar ce za ta ƙara sha. Wanda gudawa ta kama a haɗa masa ruwan gishiri da suga: lita guda ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan kuwa mutum ya fara sambatu cikin rana, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take.