Taswirar Hasken Rana da Dokokin Kafa Tashoshin Sola

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai yi bayani a kan abubuwa biyu da ake la'akari da su kafin a kafa tashar samar da lantarki daga hasken rana, wato taswirar da ke nuna ƙarfin hasken da kuma dokokin da suka shafi filin da za a girka tashar.

2.0 Taswirar Hasken Rana

Taswirar hasken rana ita ce wadda ke nuna yawan ƙarfin rana da ke sauka a kowane yanki. Ana haɗa ta ne daga hotunan tauraron ɗan'adam da awon tashoshin lura da yanayi na shekaru da dama. A shekarar 2017 Bankin Duniya ya fitar da irin wannan taswira ta duniya baki ɗaya, wadda kowa zai iya dubawa kyauta. A Nijeriya, ƙarfin hasken yana ƙaruwa ne daga kudu zuwa arewa. A yankunan Sakkwato da Maiduguri kowace murabba'in mita tana samun kimanin kilowat-awa 6 a rana, alhali a gaɓar teku ba ya kai 5, saboda yawan gajimare da tsawon damina.

Sai dai ƙarfin haske kaɗai ba ya wadatarwa. Ana duba kusancin wurin da babban layin lantarki da hanyar mota, da kuma ruwan wanke farantai, domin ƙurar hunturu tana rage ƙarfinsu.

3.0 Dokokin Fili

Tashar sola tana cin fili mai yawa. Misali, tashar megawat 10 da aka buɗe a Chalawa, cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso ta Jihar Kano, a shekarar 2023, tana zaune ne a kan hekta 24. Filin da taswira ke nunawa a sarari, sau da yawa gonar wani ce, ko burtali, ko makiyaya.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya a karkara. Gwamna na iya soke haƙƙin mutum domin amfanin jama'a, amma diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da gine-gine da sauran abin da aka inganta filin da shi, ba ta ƙasar kanta ba. A nan ne akan sami saɓani da manoma. Haka kuma, dokar 1992 ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. Dokar Lantarki ta 2023 kuwa ta ba jihohi damar tsara harkar lantarki a cikin iyakokinsu.

4.0 Kammalawa

An ga cewa taswira tana nuna inda rana ta fi ƙarfi, doka kuma ita ce ke fayyace mai haƙƙi da filin. Don haka, tuntuɓar masu gonaki da makiyaya da masu unguwanni tun kafin a kafa turke na farko yana daga cikin sharuɗɗan ɗorewar aikin.

5.0 Auna Fahimta

1. Me ya sa arewacin Nijeriya ya fi kudanci ƙarfin hasken rana?
2. Wace irin diyya dokar 1978 ta tanada?
3. Kawo abubuwa uku da ake dubawa bayan ƙarfin haske.